Mujallun Zane na Finafinan Kimiyya da Al'adar Tara Su: Daga Star Wars zuwa Ƙasar Kano

Gabatarwa

A cikin watan Afrilu na 1977 kamfanin Marvel da ke birnin New York na Amurka ya fitar da lamba ta 1 ta wata mujallar zane mai suna Star Wars, kuɗinta santi 30, kimanin mako shida kafin a fara nuna fim ɗin da ta ɗauko labarinta daga gare shi. A cikin wannan shekara kuma, a nan Nijeriya, wata mujallar zane mai suna Powerman ta daina fitowa bayan ta yi shekara biyu a hannun 'yan makaranta. Dukansu biyu a kan takarda mai araha aka buga su, kuma yara aka nufa da su. A yau babu wata lamba ta mujallar farko da ba a san ranar fitarta da mai zanenta da farashinta a kasuwar masu tarawa ba. Ta biyun kuwa, samun ko da kwafi ɗaya nata a ƙasar da aka buga ta dominta ya zama aiki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin yadda tara mujallun zane na jerin finafinan Star Wars ya zama al'ada mai dokoki da kasuwa, sa'an nan ta dubi makamantan waɗannan mujallu da suka zagaya Nijeriya a tsakanin 1968 da 1977, da dalilan da suka sa ba su tsira ba a ƙasar Kano. Abin da ake nufi da mujallar zane a nan shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jerin zane-zane, kowane zane a cikin gidansa, maganar mutanen labarin kuma a rubuce cikin 'yar da'ira kusa da bakinsu. Idan hotunan kyamara aka jera maimakon zanen hannu, sai a kira ta mujallar hoto.

Yadda fim ya koma takarda

Tun George Lucas bai gama ɗaukar fim ɗinsa ba, jami'insa na talla, Charles Lippincott, ya nemi kamfanin Marvel da ya mai da labarin mujalla. Da farko Stan Lee, wanda shi ne mai faɗa a ji a kamfanin, bai yarda ba, domin mujallun da aka ɗauko daga fim ba su cika yin kasuwa ba. Marubuci Roy Thomas ne ya shawo kansa a 1976, bisa sharaɗin cewa Marvel ba zai biya masu fim ladan mallaka ba sai cinikin ya wuce kwafi 100,000. Thomas ya rubuta, Howard Chaykin ya zana, aka raba labarin fim ɗin gida shida. Da fim ya fito ranar 25 ga Mayu, 1977, jama'a suka yi cincirindo a ƙofar silima, sai mujallar ta ƙare a kasuwa, aka yi ta sake buga ta. Jim Shooter, wanda ya zama babban editan Marvel a 1978, ya bayyana daga baya cewa cinikin wannan mujalla ne ya tsamo kamfanin daga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a waɗannan shekaru.

Akwai dalilin wannan ciniki da mai karatu na yau zai iya mantawa da shi. A 1977 wanda ya kalli fim ya fito daga silima, to ya rabu da shi ke nan sai in ya sake biyan kuɗin ƙofa. Star Wars bai shiga kaset ɗin bidiyo na haya ba sai 1982. Saboda haka, tsawon shekara biyar, yaron da yake son ya sake ganin jiragen sararin samaniya da takubban haske a ɗakinsu, babu abin da ya fi masa sauƙi irin mujalla. Ita ce fim ɗin da ake naɗewa a sa a aljihu.

Wani abin da ya ƙara wa lambobin farko muhimmanci ga manazarta shi ne an zana su ne daga rubutun fim da hotunan wurin ɗauka, kafin a gama tace fim ɗin. Don haka suna ɗauke da fitowar da aka yanke daga baya, alal misali hirar Luke Skywalker da abokinsa Biggs a garinsu. Haka kuma Jabba, wanda duniya ba ta ga siffarsa ta ƙatuwar halitta mai jan ciki ba sai a fim na uku a 1983, a mujallar 1977 an zana shi yana tafiya da ƙafa biyu kamar mutum. Watau mujallar ta zama shaida a kan wani mataki na ƙirƙirar labarin wanda fim ɗin kansa ya shafe. Wannan shi ne irin amfanin da mai nazarin rubuce-rubucen hannu yake samu idan ya ci karo da kwafin da ya riga wanda marubuci ya gyara.

Daga lamba ta 7 labarin fim ya ƙare, marubutan Marvel suka shiga ƙago nasu. Wasu ƙage-ƙagen ba su yi wa Lucas daɗi ba, musamman wani koren zomo mai bindiga da aka kira Jaxxon. Archie Goodwin da Carmine Infantino suka karɓi aikin, Al Williamson ya zana labarin fim na biyu a 1980, aka ci gaba har lamba ta 107 a 1986, lokacin da sha'awar jama'a ta yi sanyi saboda babu sabon fim. A Ingila kuwa reshen Marvel ya fara fitar da tasa ta mako-mako a watan Fabrairu na 1978, baƙi da fari. Bayan shekara biyar da tsayawar ta Amurka, kamfanin Dark Horse ya karɓi izni, ya fara da Dark Empire a 1991, ya riƙe har 2014. Da kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009, ya kuma sayi Lucasfilm a 2012, sai izni ya koma gidansa na farko, sabuwar lamba ta 1 ta fito a watan Janairu na 2015, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Inda darajar tsohuwar takarda ta samo asali

Al'adar tara mujallun zane ta girmi Star Wars, kuma tushenta hasara ne. Mujallun da aka buga a Amurka daga 1938 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu miliyoyi ne, amma yawancinsu sun tafi a gangamin tattara tsohuwar takarda domin yaƙi, saura kuma iyaye mata suka share suka zubar. Waɗanda suka karanta su suna yara, da suka girma suka sami abin hannu, sai suka koma neman abin da aka zubar musu, suka tarar ya yi ƙaranci. Lamba ta 1 ta Action Comics, wadda Superman ya fara fitowa a cikinta a 1938 a kan santi 10, an sayar da kwafi ɗaya nata dala miliyan 6 a 2024.

Kafin 1977 an riga an kafa turakun wannan al'ada. A 1970 Robert Overstreet ya fara buga littafin farashi wanda ya jera mujallu lamba-lamba da ƙimar kowacce gwargwadon lafiyarta, a shekarar kuma aka fara taron masu sha'awar mujallun zane na San Diego. A wannan taro ne, a 1976, Lippincott da Thomas da Chaykin suka fara tallata Star Wars ga jama'a. Kantuna na musamman da ba sa sayar da komai sai mujallun zane, sababbi da tsofaffi, suka fara yaɗuwa. A farkon 1977 kuma wani matashin ɗan kasuwa, Chuck Rozanski, ya sayi tarin da wani mai zanen talla, Edgar Church, ya ajiye a gidansa a birnin Denver, mujallu wajen dubu ashirin, waɗanda busasshiyar iska mai sanyi ta wurin ta kiyaye su kamar jiya aka buga. Wannan tari ya zama ma'aunin da ake gwada lafiyar sauran da shi.

To, a cikin wannan yanayi Star Wars ta fito, kuma a nan ne wani abin mamaki yake. Da yake an buga lamba ta 1 da yawa, aka kuma maimaita bugu, mutane da yawa kuma suka adana ta, kwafin santi 30 bai zama abin nema ruwa a jallo ba. Wanda ya zama haka shi ne wani ɗan bugu da Marvel ya sa wa santi 35, ya kai wasu 'yan garuruwa don ya gwada ko masu saye za su jure ƙarin kuɗi. An ƙiyasta kwafin wannan bai wuce 1,500 ba. Labari ɗaya ne, zane ɗaya, bambancin kawai lambar da ke kusurwar bango, amma mai lafiya daga cikinsu yakan kai dubban daloli. Haka nan lamba ta 107, wadda aka buga kaɗan domin masu saye sun ja baya, ta fi yawancin na tsakiya tsada. Abin da ba a kula da shi ba ran da ya fito, shi ne ya yi daraja.

Kamfanoni sun fahimci wannan, suka nemi su ƙirƙiri ƙaranci da gangan. A farkon shekarun 1990 aka riƙa fitar da mujalla ɗaya da bango iri-iri don mai tarawa ya sayi duka, mutane suka yi ta saye suna ɓoyewa da zaton riba. Lamba ta 1 ta X-Men ta 1991 ta kai kwafi wajen miliyan 8. Abin da kowa ya ɓoye kuwa ba ya ƙaranci, sai kasuwar ta rushe, kantuna da yawa suka rufe, Marvel kansa ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Disamba na 1996. Duk da haka dabarar ba ta mutu ba, domin Star Wars ta 2015 da bango gommai ta fito. A shekara ta 2000 kuma aka kafa kamfanin CGC, wanda yake duba mujalla ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe ta ruf a cikin kwanson roba. Mujallar da aka yi wa haka ba a sake buɗe ta balle a karanta, ta tashi daga littafi ta koma kadara. Ana iya kushe wannan, kuma akwai abin kushewa, sai dai kwaɗayin 'yan kasuwar ne ya jawo aka ƙididdige kowane bugu, aka rubuta sunan kowane mai zane, har jami'o'i irin su ta Jihar Michigan suka sami tubalin gina ɗakunan ajiya na nazari.

Na Nijeriya: Spear da Powerman

Shekara tara kafin Star Wars, a 1968, kamfanin Drum na Jim Bailey ya fara fitar da mujallar hoto mai suna African Film. Sunan kansa ya faɗi abin da ake nufi: fim ne a kan takarda, ga jama'ar da ba su da masana'antar fim tasu. Tauraronta Lance Spearman, wanda aka fi sani da Spear, ɗan sandan ciki ne baƙar fata mai kwat da malafa da sigari, yana fafatawa da babban abokin gabarsa Rabon Zollo da wasu miyagun masana kimiyya masu ƙirƙiro na'urori da magunguna na ban tsoro, har da maganin da ke ƙanƙantar da mutum. Ana ɗaukar hotunan a Swazilan, a tsara shafuna a Landan, a buga a rarraba a Afirka ta Yamma da ta Gabas da ta Kudu. Ɗan jaridar Amurka Stanley Meisler ya ruwaito a 1969 cewa kwafi 100,000 ake bugawa domin Afirka ta Yamma kaɗai. Ta bi hanyar da mujallar Drum take bi zuwa manyan garuruwa, na Kudu da na Arewa, ta shiga makarantun kwana, inda kwafi ɗaya yakan zagaya ɗaki guda. Da Turanci aka rubuta ta, amma hotunan sun isa su ja wanda Turancinsa bai nuna ba. Tana da 'yar'uwa mai suna Boom, wadda tauraronta Fearless Fang yake zaune a daji. A 1972 African Film ta tsaya. Matthias Krings na Jami'ar Mainz ta Jamus, wanda ya yi bincike a kan finafinan Hausa a Kano, ya nuna cewa waɗannan mujallu share fage ne ga finafinan bidiyo na Nijeriya.

Powerman ta zo a 1975, duk mako biyu. Ita zanen hannu ce, kuma ta fi kusa da ƙagaggen labarin kimiyya, domin gwarzon nata baƙar fata ne mai ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, yana karawa da mutum-mutumin inji da manyan dabbobin zamanin da, ba abin da yake tsoro sai saran maciji. A Ingila aka rubuta ta aka zana, marubutanta Donne Avenell da Norman Worker, masu zanen kuma wasu samari biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, suna karɓa-karɓa. An umurce su da su sa wa kowane gidan zane lamba, wai don kada mai karatu na Nijeriya ya rikice wajen bin labari, alhali yaran da suka shekara huɗu suna bin Spear ba su bukaci wannan ja-gora ba. Su biyun nan daga baya sun zama manya a wannan sana'a: Gibbons shi ya zana Watchmen a 1986 tare da marubuci Alan Moore, wanda shi ma ya taɓa rubuta gajerun labarai a mujallar Star Wars ta Ingila. Saboda sunansu ne kamfanin Eclipse na Amurka ya sake buga wani sashe na Powerman a 1988, lamba huɗu, aka sauya wa gwarzon suna zuwa Powerbolt. Ke nan abin da ya tsira daga wannan mujalla ya tsira ne domin masu tarawa na Turai da Amurka suna bin sawun masu zanen, ba domin wani ya damu da yaran Legas ko na Kano da suka karanta ta ba.

Ba a rasa sha'awar irin wannan labari a cikin Hausa ba. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙonsa Kolin Koliyo wanda ya ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Wannan littafi ya rayu, ana kuma nazarinsa har yanzu, domin ya shiga hannun makarantu da jami'o'i, an yi masa rajista a matsayin adabi. Tsararrakinsa na hoto da zane ba su sami wannan gata ba.

Matsayin takarda a ƙasar Kano

Kuskure ne a ce Bahaushe bai san tari ko adana ba. Jeren ɗakin amarya, na tasoshi da kwanonin sha da langa-langa, tari ne mai ƙa'ida: ana neman saiti ya cika, ana sanin wanda ya fi wani daraja, ana nuna shi ga baƙi, ana kuma sayarwa ran da bukata ta taso. Babu abin da mai tara mujallu a Amurka yake yi wanda uwar ɗiya ba ta yi a kan jere. Wajen takarda ma haka ne. Malamai sun adana littattafan hannu ɗaruruwan shekaru a cikin tadarishi da gafaka, ana gadonsu kaka da kakanni.

Sai dai takarda iri biyu ce a idon jama'a, kuma wannan rabo ya daɗe. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lura cewa ana shigo da takarda mai tambarin wata uku da yawa ta hanyar Tarabulus, kuma babban aikinta shi ne naɗe tufafin da aka rina. Garin Kura, wanda ya shahara da rinin turkuɗi da bugu, yana cikin wuraren da suka fi cin wannan takarda, domin a naɗe cikin takarda turkuɗi yake tafiya wurin Buzaye. Takardar nan ɗaya ce da wadda malamai suke rubutu a kai. Wadda ta sami harafin Larabci ta shiga gafaka, ba a yar da ita, ba a taka ta. Wadda ba ta samu ba ta zama marufi. Da boko ya zo, littafin makaranta ya ɗan sami matsayi, amma jarida da mujalla suka faɗa kashi na biyu. Ƙarshensu wurin mai ƙosai ne da mai tsire da mai kanti, ko a manna a bango, ko a yi wa littafin makaranta riga da su. Mujallar da ke ɗauke da mutum mai sigari da kwalbar giya kuwa, ba abin da yaro zai ajiye a gaban mahaifinsa ba ne.

Ga kuma ita kanta takardar. Ta wata uku da tsumma aka yi ta a Italiya, shi ya sa take shekara ɗari biyu ba ta karye ba. Ta mujalla da niƙaƙƙen itace ake yi, tana da tsami a jikinta wanda yake sa ta yi ja ta riƙa ɓarewa, zafi kuma yana gaggauta wannan. Wayar da aka ɗinke ta da ita tana tsatsa da damina, gara tana jira a ƙasa. Daɗin daɗawa, yadda ake karatun ma ya bambanta. Yaron Amurka yakan sayi nasa kwafi, na nan kuwa aro ake yi, kwafi ɗaya ya bi hannu ashirin har ya yage. Ta fuskar karatu wannan riba ce, domin masu karatu sun ninka masu saye sau da yawa, amma mujallar da ta bi hannu ashirin ba ta kai shekara.

Akwai kuma batun lokaci, wanda yankin noman rani na Kura da Bunkure ya isa misali a kansa. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ja ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da kewayenta, alkama da tumatir da shinkafa suka fara kawo kuɗi da rani. Shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa ya fara a watan Satumba na 1976. Watau lokacin da kuɗi da karatun boko suka fara haɗuwa a hannun talakawan irin waɗannan garuruwa, African Film ta yi shekara huɗu da mutuwa, Powerman kuma saura mata shekara guda. Kafin yaran 1976 su gama firamare, ƙofar kayan waje ta fara rufewa. A 1981 ƙungiyar kamfanonin fim na Amurka ta dakatar da aiko da finafinai Nijeriya saboda saɓani da gwamnati a kan kadarorinta, a 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu ta taƙaita shigo da kaya, a 1986 kuma aka karya darajar naira. Mujallar waje ta fi ƙarfin ɗan makaranta. Silimun Kano, irin su Plaza da Orion da Eldorado, dama finafinan Indiya ne suka fi cika su, sai na 'yan Sin masu faɗa. Abin da ya iso ga wannan sabon rukuni na masu karatu shi ne kaset ɗin bidiyo, wanda kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafarsa, da kuma littattafan soyayya na Hausa da suka fara fitowa a tsakiyar shekarun 1980. Bukatar fim na aljihu ta gushe tun kafin a kai ga yin sa da Hausa a kasuwa.

Gurbin da aka bari

Idan ana ba da tarihin karatun boko a ƙasar Hausa, akan taso daga gasar 1933 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, a bi ta Hukumar NORLA ta shekarun 1950 da NNPC, sai a yi tsalle zuwa adabin kasuwar Kano. Duk wannan tarihin abin da hukuma ta buga ne ko abin da aka rubuta da Hausa. Abin da ɗan sakandare na 1970 yake karantawa a ƙarƙashin bargo da tocila ba ya ciki, alhali daga wannan tsara ne aka sami 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da marubuta da suka kafa masana'antar fim ta Kano, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990. An yi rubutu mai yawa a kan tasirin finafinan Indiya a kansu, domin finafinan suna nan ana iya sake kallonsu. Tasirin mujallar hoto, wadda ita ce ta fara nuna wa yaro yadda ake yanka labari gida-gida, da hoton kusa da na nesa, da baƙin mutum a matsayin tauraro, ba shi da irin wannan shaida a hannu. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa kowane mai ɗab'i ya ajiye kwafi uku na abin da ya buga, amma ma'aikatan ɗakunan karatu na wancan zamani, a nan da sauran ƙasashe, ba su ɗauki mujallar yara a matsayin abin ɗaurewa a jera a kanta ba.

Littattafan soyayya sun kusa bin wannan hanya. Su ma takardarsu mai araha ce, su ma haya da aro ake yi, su ma an raina su. Abin da ya cece su shi ne wasu manazarta sun tara su tun suna kasuwa. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya musu a muhawarar da aka yi a jaridu, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess kuma suka fitar da jerin sunayen littattafan da aka buga tsakanin 1987 da 2002, aka wallafa shi a 2004, bisa tarin da aka kai makarantar SOAS ta Landan. Aikin da Overstreet ya yi wa mujallun Amurka don ciniki, shi suka yi wa littattafan Kano don ilmi. Spear da Powerman sun riga wannan farkawa da shekara ashirin. Abin da ya rage nasu a Nijeriya yana cikin akwatunan waɗanda suka yi makarantar kwana a wancan zamani, mutanen da yanzu suka haura sittin, da kuma shafukan da tsofaffin masoya Spear suke ɗaukar hotonsu suna sawa a Facebook. Cibiyoyi irin su Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna suna da hurumin karɓar irin wannan kaya, kuma magada ba su saba kawo shi ba sai an tambaya.

Mujallar zane ta dawo Nijeriya ta wata ƙofar. An fara taron masu sha'awarta a Legas a 2012, kamfanin Comic Republic ya kafu a 2013 yana fitar da nasa ta intanet, Roye Okupe kuma ya fitar da Malika a 2017, labarin sarauniya mayaƙiya wanda ya ɗauko hoton ta daga tarihin Amina ta Zazzau, ya kira masarautarta Azzaz. A 2021 kamfanin Dark Horse, wanda ya riƙe Star Wars shekara ashirin da uku, ya karɓi buga littattafan Okupe. Da Turanci aka rubuta Malika, a Amurka ake buga ta, kuma kantunan masu tarawa na can sun riga sun ba ta lamba da farashi.